Mandela ya yi shekara 27 a kurkuku, to su wa suka rushe mulkin wariya?

Malam Nasiru:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da sauran 'yan'uwa maza da mata.

A makon jiya ina koyar da 'yan aji biyar tarihin Afirka ta Kudu, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce: Malam, tunda an kama Nelson Mandela a 1962 kuma ba a sake shi ba sai a 1990, to su wane ne suka yi gwagwarmayar a tsakani? Na ba ta amsa gwargwadon hali, amma tambayar ta biyo ni har gida, domin na lura mu malamai mun saba dunƙule tarihin al'umma guda a cikin sunan mutum ɗaya.

Ƙungiyar da daga baya ta zama ANC, wato babbar ƙungiyar da ta yaƙi wariyar launin fata, an kafa ta ne a Bloemfontein ranar 8 ga Janairun 1912, shekara shida kafin a haifi Mandela. Waɗanda suka kafa ta, irin su John Dube da Pixley Seme da Sol Plaatje, malamai ne da lauyoyi da 'yan jarida da limaman coci tare da sarakuna, kuma makaminsu takardar koke ce. A 1913 majalisar da babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta ta yi dokar filaye wadda ta taƙaita 'yan ƙasa a kan kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, aka ƙara shi zuwa kimanin kashi 13 a 1936. Sun tura wakilai har Landan a 1914 su kai kuka, suka dawo hannu Rabbana. Da jam'iyyar Daniel Malan ta ci zaɓen 1948, sai ta mayar da wariyar da ta tarar cikakken tsarin mulki: aka haramta aure tsakanin launuka a 1949, aka yi wa kowa rajistar launinsa a 1950, aka raba unguwanni, sannan a 1953 aka kawo dokar ilimin baƙaƙen fata wadda manufarta ita ce a horar da yaro don aikin ƙarfi kawai.

Abin da nake gani shi ne, talakawan cikin gida ne suka rushe wannan gini, su da suka yi ta ƙin bin doka da yajin aiki da ƙauracewa har mulkin ya gagari masu shi. A 1952 mutum fiye da 8,000 suka shiga ƙofofin da aka keɓe wa Turawa ko suka karya dokar hana fita da gangan don a kama su. A 1957 mutanen Alexandra, wata unguwar baƙaƙen fata, saboda ƙarin kwabo ɗaya a kuɗin bas, suka yi kusan wata uku suna taka kimanin kilomita 15 zuwa wurin aiki a Johannesburg, su sake takawa da yamma, har aka janye ƙarin. Bindiga da takunkumi sun taimaka, amma a wurina mataimaka ne. Ina so in ji ra'ayinku kafin in koma ajin.

Shamsuddin:

Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan inda ka ajiye bindiga.

Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, to amma me ya haifar? An yi shekara 48 ana koke da zanga-zangar lumana, daga 1912 zuwa 1960, kuma kowace shekara dokokin sai ƙara tsanani suke yi. An rubuta Kundin 'Yanci, wato takardar buƙatun masu adawa da wariya, a Kliptown a watan Yunin 1955, sakamakonsa shi ne aka gurfanar da mutum 156 a gaban kotu bisa zargin cin amanar ƙasa, aka riƙe wasunsu a shari'a har 1961 kafin a wanke su. A shekarar da aka rubuta kundin aka fara kwashe mutanen Sophiatown a manyan motoci ana rushe gidajensu. Ranar 21 ga Maris, 1960, jama'a suka amsa kiran Robert Sobukwe na ƙungiyar PAC, wadda ta ɓalle daga ANC, suka tafi ofishin 'yan sanda na Sharpeville ba tare da takardunsu na fas ba, wato na izinin zirga-zirga da aka wajabta wa baƙar fata, don a kama su, aka buɗe musu wuta, aka kashe 69, kuma da yawansu a baya harsashi ya same su suna gudu. A watan da ya biyo baya aka haramta ANC da PAC gaba ɗaya. Wanda aka hana shi ko da taro, da me zai yi lumanar?

Mu duba maƙwabta. A Rodeshiya, Turawan da ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na jama'a ba sun ɓalle daga Birtaniya ranar 11 ga Nuwamban 1965 ƙarƙashin Ian Smith don kada mulki ya koma hannun masu rinjaye. An sa musu takunkumi shekara da shekaru, suna samun mai da makamai ta Afirka ta Kudu. Abin da ya kai su teburin sulhu a Landan a ƙarshen 1979 shi ne yaƙin sunƙurun mayaƙan ZANU da ZAPU, kuma ranar 18 ga Afrilun 1980 aka haifi Zimbabuwe. Mozambik da Angola da Aljeriya duk haka aka yi. Su kansu masu mulkin wariya ba su saki Namibiya ba sai bayan artabun Cuito Cuanavale a Angola tsakanin 1987 da 1988, inda suka haɗu da sojojin Angola da na Kyuba. Ban ga dalilin da zai sa mu ji kunyar faɗin wannan ga yara ba.

Alhaji Garba:

Ina gaida Malam Nasiru, kuma ina yi wa ɗana Shamsuddin barka da wannan ƙwazo. Ni ba masanin tarihi ba ne, tsohon ma'aikacin gwamnati ne, amma wani ɓangare na wannan labari a kan idonmu aka yi shi.

Lokacin ina makarantar horon malamai muna da wani malamin lissafi ɗan Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin waɗanda suka gudo suka sami mafaka a nan. Mutum ne mai shiru-shiru. Wata rana bayan an tashi daga aji ya fito da wani ɗan littafi daga aljihun kwat ɗinsa, bai kai tafin hannu biyu ba, gefensa duk ya cinye saboda yawan ɗauka. Ya buɗe mana shi shafi-shafi: ga hotonsa, ga lambarsa, ga shafin haraji, ga kuma shafin da dole ubangidan mutum ya sa hannu kowane wata don a san har yanzu yana aiki. Ya ce duk baƙar fatar da ya kai shekara 16 dole ya riƙa yawo da wannan, kuma idan babu hatimin izini a ciki ba zai wuce awa 72 a cikin birni ba. Ya ce an taɓa kama mahaifinsa a bakin ƙofar gidansu saboda ya bar nasa a aljihun rigar da ke rataye a ɗaki. Mun yi shiru, domin mu da muka taso muna zuwa cin rani duk inda muka ga dama, ba mu taɓa tunanin za a nemi mutum da takarda a garin da aka haife shi ba. Tun ranar na daina ɗaukar wariya a matsayin labarin rediyo.

Abin da nake so in ƙara a kan maganarku shi ne ƙafa ta uku, wato 'yan'uwa na waje. Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin shugabannin da suka matsa a taron Ƙasashe Renon Ingila na Landan a watan Maris na 1961 har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar. Da sojojinta suka kutsa Angola a 1975, Janar Murtala ya amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar da sojojin suka je yaƙa, kuma ranar 11 ga Janairun 1976 ya tsaya a Addis Ababa ya ce wa Amurka Afirka ta balaga, ba a yi mata shifta. Wata guda bayan nan aka kashe shi, Allah ya jiƙansa. A shekarar aka kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata muka ba da daga albashinmu, ɗalibai suka ba da daga kuɗin abincinsu. A shekarar kuma 'yan wasanmu suka haɗa kayansu suka bar gasar Olamfik ta Montreal tare da ƙasashen Afirka da dama. A 1977 aka yi babban taron duniya na yaƙi da wariya a Legas, a 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP ana gab da taron Lusaka da aka tattauna makomar Rodeshiya. Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, bayansa Janar Joseph Garba ya riƙe kujerar. Malam Nasiru, ka gaya wa ɗalibarka cewa kakanninta ma suna ciki.

Malama Hauwa:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wannan littafin da ka gani shi ne zan kama in amsa wa Shamsuddin, domin mata ne suka fi daɗewa suna yaƙarsa, kuma da wuya a ambace su.

Tun a 1913 matan Bloemfontein suka yi jerin gwano suka yayyaga takardun fas a gaban hukuma, aka ɗaure su, suka ƙi tuba, har gwamnati ta sassauta musu na tsawon shekaru. Da aka dawo da maganar, ranar 9 ga Agustan 1956 mata kimanin 20,000, wasu da goyo a baya, wasu masu aikin gida ne da suka zo da 'ya'yan iyayen gidansu Turawa, suka cika harabar fadar gwamnati a Pretoria ƙarƙashin jagorancin Lilian Ngoyi da Helen Joseph da Rahima Moosa da Sophia Williams. Ku lura da waɗannan sunaye huɗu, baƙar fata da farar fata da Ba'indiya da ruwa-biyu, wato launukan nan huɗu da doka ta ce kada su haɗu. Firaminista Strijdom bai fito ba, suka jibge takardun kokensu a ƙofar ofishinsa, sannan suka tsaya cik na rabin awa babu mai cewa uffan.

Shamsuddin, kuskurenka shi ne ka auna Afirka ta Kudu da mudun Rodeshiya. Rundunar Umkhonto we Sizwe, wato reshen ANC mai ɗauke da makamai, da aka ƙaddamar ranar 16 ga Disamban 1961 ba ta taɓa ƙwace ko da ƙaramar hukuma ɗaya ba. A watan Yulin 1963 aka kama shugabanninta a wata gona a Rivonia, ranar 12 ga Yunin 1964 aka yanke wa takwas, har da Mandela, ɗaurin rai da rai, daga nan ƙasar ta yi tsit kusan shekara goma. Wa ya karya wannan shirun? Ma'aikatan wata masana'antar bulo ne a Durban, a watan Janairun 1973, waɗanda suka ajiye aiki saboda ƙarancin lada, yajin ya bazu zuwa dubun dubatar ma'aikata, har a 1979 gwamnati ta amince da ƙungiyoyin ƙwadagon baƙaƙen fata. Sai 'yan makarantar Soweto ranar 16 ga Yunin 1976, da suka fito saboda an ce a koya musu lissafi da harshen Afrikaans wanda malamansu da yawa ma ba su ƙware a kansa ba. Hector Pieterson yana da shekara 12 aka harbe shi, kuma hukumar binciken gwamnati da kanta ta ƙirga mutum 575 da suka mutu a watannin da suka biyo baya.

Daga 1983 aka sami gamayyar UDF, wadda ta haɗa ɗaruruwan ƙungiyoyin unguwa da na coci da na masallaci da na ɗalibai da na mata. Mutane suka daina biyan kuɗin hayar gidajen hukuma, suka daina sayayya a shagunan Turawa, kansilolin da gwamnati ta naɗa suka yi ta murabus. A Disamban 1985 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta COSATU, a 1987 ɗaruruwan dubban masu haƙar zinariya da kwal suka yi yajin mako uku ƙarƙashin Cyril Ramaphosa. Tsarin wariya yana son gumin baƙar fata amma ba ya son ƙuri'arsa, kuma ranar da masu gumin suka gane haka suka riƙe shi a maƙogwaro.

Shamsuddin:

Malama Hauwa, na karɓi gyara a kan cewa rundunar ba ta ci ƙasa da yaƙi ba. Amma ina roƙonki ki duba abin da ya faru tsakanin Durban da Soweto. A 1974 mulkin Fotugal ya faɗi saboda sojojinsa sun gaji da yaƙe-yaƙen Afirka, a 1975 Samora Machel ya karɓi Mozambik, wato yaran Soweto sun fito ne bayan sun ga baƙar fata ya kori Bature a maƙwabtansu. Bayan kisan kuma dubbansu suka tsallaka iyaka suna neman horon soja. Da aka kona tankokin kamfanin mai na Sasol a watan Yunin 1980, hayaƙin ya gaya wa mutanen unguwanni cewa ANC tana raye, kuma wannan ƙarfin gwiwar ba ya cikin abin da ake aunawa da faɗin ƙasar da aka ƙwace.

Shi kansa Mandela, da shugaban ƙasa P.W. Botha ya yi masa tayin saki a farkon 1985 bisa sharaɗin ya yi tir da amfani da makami, ƙi ya yi, kuma 'yarsa Zindzi ce ta karanta amsarsa a gaban taro a Soweto ranar 10 ga Fabrairu. Ya zaɓi ƙarin shekara biyar a tsare a kan ya ajiye wannan makamin. Da ba shi da amfani da bai biya wannan farashin ba.

Kabiru Akanta:

Ina gaisuwa. Ni aikina lissafin kuɗi ne, don haka ta nan zan shiga.

Afirka ta Kudu ta dogara ne da bashin bankunan waje na gajeren zango, irin wanda ake sabuntawa duk bayan 'yan watanni. A watan Yulin 1985 Botha ya kafa dokar ta-ɓaci, duniya tana kallon motocin sulke a unguwanni ta talabijin, sai bankin Chase Manhattan na Amurka ya yanke shawarar daina sabunta bashinsa. Ranar 15 ga Agusta Botha ya yi jawabi a Durban wanda aka sa rai zai sanar da sauye-sauye, ya ɓuge da ɗaga yatsa yana gargaɗi. Sauran bankuna suka bi sahu, darajar rand, kuɗin ƙasar, ta faɗi warwas, aka rufe kasuwar hannun jari na 'yan kwanaki, a farkon Satumba gwamnati ta dakatar da biyan bashin kusan dala biliyan 14. A Oktoban 1986 majalisar dokokin Amurka ta tsallake ƙin amincewar Shugaba Reagan ta kafa dokar takunkumi, a shekarar bankin Barclays ya sayar da hannunsa ya fita bayan ɗaliban Birtaniya sun yi shekaru suna ƙaurace masa.

Sai dai in har zan yi adalci, wannan hujja ta Malama Hauwa ce fiye da tawa. Bankunan nan sun yi shekaru suna cin riba da wariya ba su ga aibunta ba. Abin da ya sauya shi ne sun ga ƙasar ba ta mulkuwa, suka ji tsoron kuɗinsu. Kuma matsin da aka yi musu a gida daga ƙananan mutane ya fito, kamar budurwar nan mai karɓar kuɗi a wani kanti a Dublin wadda a 1984 ta ƙi lissafa wa mai saye lemon Afirka ta Kudu, aka dakatar da ita, abokan aikinta suka shiga yaji da ita na kusan shekara uku har gwamnatin Ayalan ta hana shigo da kayan gonar ƙasar. Sannan a ƙara da faɗuwar katangar Berlin a Nuwamban 1989, wadda ta raba gwamnatin da hujjarta ta cewa gurguzu take yaƙa, ta kuma raba ANC da tallafin Tarayyar Sobiyet. Wata uku bayan nan, ranar 2 ga Fabrairun 1990, Shugaba de Klerk, magajin Botha, ya ɗage haramcin ƙungiyoyin.

Malam Nasiru:

Na gode ƙwarai, kuma Shamsuddin ya motsa ni daga inda nake, ko da yake bai kai ni inda yake ba. Wannan saɓanin namu masu gwagwarmayar ma sun yi shi. Cif Albert Luthuli, shugaban ANC, wanda gwamnati ta tuɓe daga sarautarsa a 1952 saboda ya ƙi barin ANC, ya karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel ranar 10 ga Disamban 1961, kwana shida kacal kafin bama-baman farko na Umkhonto su tashi. Hare-haren farkon kuwa a kan turakun lantarki da ofisoshin gwamnati aka kai su da dare, da niyyar kada a rasa rai. Mutanen da suka ɗauki makami sun ɗauka ne bayan doguwar gardama, kuma yara sun cancanci su san an yi gardamar.

Akwai wasu da nake so in ambata saboda ba su ɗauki bindiga ba kuma ba su tsira ba. Imam Abdullah Haron, limamin wani masallaci a Claremont ta birnin Cape Town, ya kasance yana shiga unguwannin baƙaƙen fata yana tallafa wa iyalan waɗanda aka ɗaure. An kama shi a watan Mayun 1969, ya yi kwana 123 a tsare ba tare da an kai shi kotu ba, ranar 27 ga Satumba aka ce ya faɗo daga matakala ya rasu. Sai a 2023 kotu ta tabbatar da cewa azabtarwa ce ta kashe shi. Ahmed Timol, malamin makaranta, a 1971 aka ce ya yi tsalle daga hawa na goma na ofishin 'yan sanda a Johannesburg, sai a 2017 kotu ta ce kashe shi aka yi. Steve Biko, wanda ya koya wa matasa cewa kafin a 'yanta ƙasa sai baƙar fata ya daina raina kansa, an doke shi a ka a Port Elizabeth, aka jefa shi tsirara a bayan mota aka yi tafiyar kimanin kilomita 1,100 da shi zuwa Pretoria, ya cika ranar 12 ga Satumban 1977 yana da shekara 30, ministan shari'a kuma ya fara cewa yajin cin abinci ya yi. Wata biyu bayan haka Kwamitin Sulhu ya wajabta wa duniya daina sayar wa ƙasar makamai.

Ko a kurkukun ma wariya ta bi su. Denis Goldberg, ɗaya daga cikin takwas ɗin shari'ar Rivonia, saboda Bature ne, a Pretoria aka tsare shi shi kaɗai ba tare da abokan shari'arsa ba. A kurkukun tsibirin Robben kuwa, inda aka kai sauran, an ba Ahmed Kathrada dogon wando saboda Ba'indiye ne, aka ba Walter Sisulu da Govan Mbeki, da suka kusa haifarsa, gajeren wando irin na yara.

Auwalu:

Ina gaida iyaye da malamai. Na yi shekara tara ina kasuwanci a Johannesburg, kuma abin da na gani ya sa nake tambayar ko ginin ya rushe duka. An yi zaɓe ranar 27 ga Afrilun 1994, ANC ta sami sama da kashi 62 cikin 100, amma har gobe idan ka tsaya a Alexandra, inda Malam ya ce an yi tattakin kwabo ɗaya, za ka ga ɗakunan kwano a cunkushe, ka ɗaga kai ka hango benayen Sandton a tsallaken babbar hanya. Yawancin gonakin kasuwanci suna hannun da suke. Ranar 16 ga Agustan 2012 'yan sandan gwamnatin baƙar fata suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana suna yajin neman ƙarin albashi.

Baba Alhaji, ka gafarce ni, amma maganar albashinka ta taɓa ni ta wata fuskar. A Satumban 2019 na kwana uku a kulle a ɗaki ana fasa shagunan baƙi, na ga 'yan'uwanmu suna layin jirgin komawa gida da jaka ɗaya. Yaran da suka fasa shagon maƙwabcina ba su taɓa jin sunan Murtala ba.

Malama Hauwa:

Auwalu, sannu, Allah ya mayar da alheri. Maganarka ta tuna mini da wani abu da bai kamata mu tsallake ba idan yara za mu koyar. Masu gwagwarmayar suna kan gaskiya, amma wannan bai wanke duk abin da aka yi da sunanta ba. A tsakiyar shekarun 1980 an riƙa rataya wa waɗanda ake zargi da leƙen asiri taya a wuya a zuba fetur a cinna wuta, ba bincike ba shari'a, har Bishop Desmond Tutu ya taɓa kutsawa cikin taro a Duduza a 1985 ya ceci wani da ake shirin ƙonawa. Bam ɗin da aka tayar a gaban hedikwatar sojan sama a Pretoria a watan Mayun 1983 ya kashe mutum 19, har da fararen hula. A sansanin Quatro na Angola ANC ta azabtar da 'ya'yanta, kuma kwamitocin da ita kanta ta kafa sun tabbatar da hakan, kafin Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta sake faɗa a rahotonta na 1998. Shamsuddin, Zimbabuwen da ka kawo misali, shekara uku bayan 'yanci runduna ta biyar ta Mugabe ta shiga Matabeleland ta kashe dubban fararen hula, yankin da Joshua Nkomo ya fito, abokin yaƙinsa na jiya. Wanda ya saba warware magana da bindiga ba ya ajiye ta ranar da aka sauke tutar Bature, kuma wannan ma yana cikin kuɗin da ake biya.

Shamsuddin:

Ban musa ko ɗaya ba, Malama. Abin da kawai zan roƙa shi ne idan Malam zai faɗi wannan a aji, ya faɗe shi kamar yadda Hukumar ta faɗa, wato ta ce wariya laifi ce a kan bil'adama kuma yaƙarta halal ne, sannan ta lissafa laifukan kowane ɓangare, ta kuma ɗora mafi yawansu a kan gwamnati da jami'an tsaronta.

Alhaji Garba:

Auwalu ɗana, na ji zafin abin da ya same ka, kuma babu uzuri ga wanda ya fasa shagon baƙo. Amma abin da muka bayar ba bashi ba ne da za mu je karɓa. Mun bayar ne saboda mutum irin malaminmu na lissafi, wanda ya rasa jana'izar mahaifiyarsa domin in ya koma kama shi za a yi. Idan yaran can ba su san Murtala ba, namu yaran ma ba su san Lilian Ngoyi ba, kuma ina shakkar ko sun san Maitama Sule ya riƙe wancan kwamiti.

Ranar Lahadi 11 ga Fabrairun 1990 muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, rediyo a kan tabarma, aka ce ga Mandela ya fito daga kurkukun Victor Verster da ƙafarsa yana riƙe da hannun matarsa Winnie. Wanda ya fara faɗo mini a rai shi ne malamin nan da ɗan littafinsa. A lokacin shekara huɗu ke nan da soke dokar fas. Na yi ta cigiyarsa wurin tsofaffin 'yan ajinmu, daga baya wani ya ce mini ya koma gida kafin zaɓen 1994. Malam Nasiru, idan akwai hoton irin wannan littafi a intanet, ka buga shi a takarda ka kai ajin, ka bar ɗalibar ta karanta wa sauran abin da ke kowane shafi kafin ka fara ba ta sunayen.